Shekara Biyun da Na Ƙara wa Halidu

Gaya, 20 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga matata Balki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Yelu lafiya, kuma hanya ba ta jijjiga ki da abin da kike ɗauke da shi ba. Yaya nauyin jiki? Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Ki durƙusa ki gaishe mini da ita, in dai cikin zai bar ki ki durƙusa. Ni lafiyata lau, sai dai tun da kika tafi goyon ciki gidan nan ya koma kamar kasuwa ranar da ba ta ci. Da ajami na rubuto don ki karanta da kanki, 'yar malam, kada wani ya ji tsegumina.

Na san abin da kike so ki fara ji, labarin ƙanenki Halidu. Yana nan lafiya, yana cin tuwo kamar gobe za a hana. Da safe yana shago tare da ni, yanzu ya iya ɗinka aljihu, maɓalli ne dai har yau yake sa shi a karkace. Da la'asar muna fili. Ban manta da abin da kika ce mini a bakin motar kamiyo ba, cewa shi ne autan Inna, ba ta da wani namiji a kusa, in riƙe miki shi kada Kumasi ta ɗauke shi. Na riƙe. Amma in gaya miki gaskiya ba ni nake riƙe da shi ba, balo ne, ƙwallon ƙafar nan.

To balon ma yana neman kuɓuce mini. Kin san bara yara ashirin da uku ne a ƙungiyarmu ta Giwan Ruwa, har sai na raba su biyu suna karawa. Jiya goma sha huɗu na ƙirga. Ana gama yankan gero huɗu suka bi 'yan cin rani zuwa Kumasi, ba wanda ya yi mini sallama sai Labo, shi ma daga cikin jirgin fito ya ɗaga mini hannu. Uku sun ƙetare Malanbil, inda masu aikin gada suka kafa ƙungiya mai takalma, kowane yaro da nasa, mu kuwa tafin ƙafar da Allah ya ba mu ne. Biyu iyayensu sun mayar da su kamun kifi.

Ba takalman ne suka fi damuna ba. Ba mu da abokan karawa. Ƙungiyar yaran Tanda ta watse tun da aka yi wa malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, canjin wuri. Wata biyar ke nan muna buga wa junanmu, kuma yaro ba zai yi ta gudu a rana kullum don ya ci ɗan'uwansa da suke sa hannu a ƙwarya ɗaya ba. Shekaranjiya na tarar da Halidu yana tambayar wani ɗan Kumasi kwana nawa ake yi a hanya. Da ya gan ni sai ya koma tambayar ko ana ruwa can.

Dabara guda ta rage mini. An ce bana za a yi gasar kofi ta ƙungiyoyin manya, a ƙare ta a Doso, wanda ya ci ya tafi Yamai. In na shigar da yarana ciki, ba wanda zai ƙara kallon hanya. Kin sha gaya mini tela ya zauna a kan kekensa, balo ba sana'a ba ce, kuma ban musa ba. Amma da kin ga ƙanenki ranar Juma'a ya tashi sama ya sa wa balo kai, da ke ma kin yi guɗa, da cikinki da komai.

Ki ci abinci, ki bar ɗaukar tulu. Halidu yana gaishe ku, ya ce Inna ta aiko da daddawa.

Mijinki mai kewarki,
Sumana tela

Gaya, 28 ga Nuwamba, 1957

Zuwa ga Balki,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna da duk mutanen gida. Wasiƙarki ta iso tare da daddawar. Na ji kin ce ƙafafunki sun kumbura, Allah ya sauwaƙe, ya raba ku lafiya. Na kuma ji faɗan da kika yi mini, cewa a wasiƙata balo ya fi ki samun fili. Ki yi haƙuri, yau ma haka za a yi, amma yau labarin mai daɗi ne.

An karɓe mu a gasar. Sai dai akwai sharaɗi: kowane ɗan wasa sai da lisans, wato kati mai ɗauke da hotonsa da shekararsa, kuma ba a karɓar wanda bai kai goma sha takwas ba. Goma daga cikin yarana sun yi lakwal, suna da takarda, sun kuma kai. Huɗu ba su da takardar komai, su ne kuma ƙashin bayan ƙungiyar, har da Halidu.

Kin san yadda ake yi wa wanda ba a rubuta haihuwarsa ba. A je gaban kumandan, nasaran da ke mulkin gari, da shaidu biyu, su faɗi shekarar da aka haife shi, a rubuta, a buga hatimi, shi ke nan. Inna ta sha faɗa cewa Halidu ɗan daminar da aka ce Jamus ta ci Faransa ne, wato 1940, shekararsa goma sha bakwai. Sauran ukun ma sa'o'insa ne. Na so in ce duk haihuwar 1939 ce, sai na jera su a shago na ga ba za ta yiwu ba. Na ɗauko metir na auna su, ƙanenki ya fi mai bi masa da taƙi guda. Na ce ba mai idon da zai yarda wannan dogon sa'an waɗannan ne. Sai na ba gajerun uku 1939, shi kuma na ba shi 1938, don maganar ta yi kama da gaskiya.

Shaiduna su ne maƙwabcinmu Yakuba da tsoho Dodo masunci. Dodo ya ce shi bai san shekarun nasara ba, da cikar kogi yake ƙirga nasa, saboda haka duk lambar da tela ya auno ita zai faɗa. Kwana biyu ina koya masa ita kamar karatun allo. Na ji tsoron za a ɗauko Alƙur'ani, ashe hannu kawai ake ɗagawa, shi ya sa zuciyata ta kwanta. Kafin azahar an gama. Yanzu Halidu yana yawo da katinsa a aljihu, ya ce kowa ya kira shi yaya, ke ma ki shirya, saura kaɗan ya kamo ki.

Balki, abin ya ci. Tun da aka ji za mu Doso biyu suka dawo daga Malanbil, suka bar takalman can. Sababbi biyar sun zo, yanzu mu ashirin da ɗaya ne. Na ɗinka musu riguna shuɗɗa na kai marina aka ƙara musu baba. Ranar Lahadi muka karɓi baƙi, ƙungiyar manya daga Birnin Gaure, masu gemu da iyali. Da suka ga yarana sai suka yi ta dariya suna tambayar ko an yaye su. Mun ci su biyu da ɗaya, kuma duka biyun Halidu ne. Mata sun bar daka sun zo kallo, Dodo ya jefar da sandarsa ya shiga fili yana rawa. Tun ranar ban ƙara jin kalmar Kumasi a bakin ƙanenki ba.

Zancen shekarun nan ki bar shi tsakaninmu. Kin san Inna ba ta son a taɓa abin da Allah ya rubuta, za ta yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ki huta lafiya, ki aiko da zarar an sauka.

Naki,
Sumana

Gaya, 19 ga Janairu, 1958

Zuwa ga mai jego,

Barka da arziki, barka da shan ruwa da zafi. Yaya wanka? Yaya baƙuwar tamu? Mun iso Gaya lafiya bayan suna, ni da Halidu. A gaban mutane na yi ta kawar da kai kamar yadda ya kamata, ko kallon kirki ban yi mata ba, amma a takarda ba mai hana ni. Yarinyar nan hancina ta ɗauko, ki daina musu. Na fara ɗinka mata 'yar hula.

Akwai abin da ban gaya miki can ba. Da na shiga yi wa Inna sallama ta riƙe ni da addu'a har ƙafata ta yi tsami. Ta ce bana ne karo na farko da kaka ta wuce ba ta kwana da fargabar autanta zai bi hanya ba, duk sa'o'insa na Yelu sun tafi shi yana nan, kuma ni ne sanadi. Ta ce Allah ya ba ni mai yi mini abin da na yi mata. Na fito ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Mun sake cin wasa, saura ɗaya. Ranar tara ga Maris za mu Doso wasan ƙarshe. Yara sun kai ashirin da shida, har iyaye ne ke kawo mini su da kansu. Abin da nake roƙo shi ne kada a hana mu fili, don mai shela ya ce masu ɗaukar soja za su zo watan gobe, kuma wani lokaci a filinmu suke tara mutane. Sha'anin 'yan shekara ashirin ne, bai shafe mu ba, kwana biyun da za mu rasa na motsa jiki kawai nake ji.

Ki gama arba'in ɗinki ki dawo, na gaji da tuwon sayarwa.

Uban yarinya,
Sumana

Gaya, 27 ga Fabrairu, 1958

Balki,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, ina tambayar lafiyar yarinya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajeruwa ce. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, in yarinyar tana hannunki ki ba wani ya riƙe.

An ɗauki Halidu soja. Jiya da hantsi kamiyo ya tafi da su Yamai.

Ya kamata in zo da ƙafata in faɗa. Na kai har tasha na dawo, ba zan iya kallon Inna ba. Ga yadda aka yi. Ranar Litinin ta makon jiya dogari ya zo shago da takarda, yana kiran sunayen 'yan shekara ashirin, haihuwar 1938. Har na buɗe baki zan ce ya yi ɓatan kai, sai ya kira sunan Halidu. Wallahi, tun Nuwamba ban taɓa haɗa lissafin nan ba. Ni da nake yanka yadi ba na kuskuren yatsa ɗaya, na kasa haɗa talatin da takwas da ashirin. A idona yaro ne ɗan sha bakwai, lambar kuwa ta balo ce kawai, ban ɗauka wani zai je ya karanta ta a wani littafi ba.

Ranar Alhamis aka tara su, samari sun fi ɗari, aka ce su tuɓe riguna. Likitan soja yana bi yana duba haƙori da ƙirji, yana sallamar ramammu da masu tari. Da ya zo kan Halidu ko daɗewa bai yi ba. Shekara uku ina sa yaron nan gudu a yashin bakin kogi don ƙirjinsa ya buɗe, ashe su nake yi wa kiwo. Daga nan aka yi ƙuri'a, kowa ya sa hannu a akwati ya ɗauko lamba, masu ƙananan lambobi su ne za su tafi. Bakwai ya ɗauko.

Ban zauna ba, Balki, ki yarda da ni a wannan. Washegari na je gaban kumandan na durƙusa, na ce ƙarya na yi, ni na shirya shaidu, a ɗaure ni a saki yaron. Dodo ya biyo ni da sandarsa, ya ce shi ma a ɗaure shi, ko hanyar Yelu bai sani ba balle ranar haihuwar wani. Kumandan ya saurare mu ta bakin tafinta, bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya sa aka kawo Halidu aka tsayar da shi kusa da gardi mai tsaron ƙofa, ya fi gardin da kai guda. Sai ya ce kowace shekara dangi kan zo su ce ɗansu bai kai ba, ga takarda kuma da hatimi da shaidu biyu, mai ƙorafi ya kai ƙara kotu. Tafinta ya raɗa mini cewa wannan hanya wata shida ce in an yi sauri. Ranar da na yi ƙarya nan take aka yarda da ni, ranar da na faɗi gaskiya ba wanda ya yarda.

Dodo ya ce jirginsa na nan, kafin a farga ya sauke yaron a Nijeriya. Halidu ya ƙi. Ya ce in ya gudu, Yelu za a je a matsa wa Inna, shi kuwa ba zai sa dogari ya tsaya a ƙofar ɗakinta ba. Ya ƙara da cewa wani sarjan ya gaya masa soja ma suna da ƙungiyar balo, kuma kowa da takalminsa. Yana faɗa yana dariya. Ya ce in gaya wa Inna shekara uku ba nisa, in kuma ba abokin wasansa Alassan wurinsa ranar wasan Doso, amma in ja masa kunne ya daina rufe ido in zai sa kai. Da ya yi kuka, ko ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ɓoye miki ba, tun da za ki ji a bakin wasu. Ana cewa waɗanda aka ɗauka bara Aljeriya aka kai su, can kuwa yaƙi ake yi.

Da na bar shi ya tafi Kumasi, da yanzu yana can yana dako, damina ta faɗi ya dawo wa Inna da bargo. Kin ba ni amana, garin neman gira na rasa ido. Abu ɗaya nake roƙonki: ki ƙona wasiƙata ta Nuwamba. Ki gaya wa Inna ni kaɗai na ƙulla, ke ba ki san komai ba. Ni na ce ki yi shiru, kada shirun ya zama laifinki. Duk abin da za ta faɗa a kaina ta faɗa, na cancanta.

Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare shi inda yake.

Sumana

Gaya, 17 ga Yuni, 1958

Zuwa ga matata Balki,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ke da yarinya da Inna. Yaya damina, an samu shuka? Nan an yi ruwa biyu masu kyau. Wannan ita ce wasiƙata ta biyar tun Fabrairu, ban ga amsa ba, ban kuma ga laifinki ba. Ba zan tambaye ki yaushe za ki dawo ba. Na san Inna ba ta da kowa a ɗaki yanzu sai ke.

A waɗancan wasiƙun ban yi zancen balo ba, don na san ba kya son jin sunansa. Bari in faɗa sau ɗaya in rufe. Babu sauran Giwan Ruwa. Ranar da za mu Doso kamiyo ya tsaya tun safe har rana ta take, yara biyar ne suka zo, cikin ashirin da biyar. Magana ta bazu a gari cewa balo tarkon nasara ne, tela yana tara 'ya'yan mutane yana ƙarfafa su, sannan ya kai sunayensu bariki. Yaran nan uku da na rubuta wa 1939 iyayensu sun tsallakar da su Nijeriya tun kafin baɗi ta zo, yanzu in na gaishe su a masallaci sai su dubi bango. Ina so in ce ƙarya ake yi mini, amma in na bi maganar daki-daki ban ga inda suka yi ƙari ba, niyyata kawai suka bari, ita kuwa ba ta dawo da kowa. Yakuba ya nemi filin zai shuka kuɓewa, na ce ya shuka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Halidu. Kin san an ba shi kwana biyar kafin a wuce da su, ya yi uku a wurinku, jiya ya kwana nan, yau da safe ya tafi. Ya ce yarinya ta fara zama, tana kama duk abin da ta gani ta kai baki. Ya ce Inna ba ta ambaton sunana, ko da alheri ko da sharri. Na tambaye shi ƙungiyar sojan da sarjan ya faɗa, ya ce tun da ya je bai ga balo ba, takalman dai an ba shi, na tafiya ne. Jirgin ruwa za su shiga, kuma Aljeriyar ce.

Na nemi gafararsa. Ya ce in bari, shi ma ai ya yi murna da katin, har barci yake yi da shi. Daga nan ya kwance ƙunshinsa ya fito da kakinsa, ya ce ke kika ce ya kawo mini in gyara. Wata huɗu ke nan, wannan ne saƙonki na farko, na kuma karɓe shi hannu bibbiyu.

Na sa ya saka. Kin gani da idonki, ba sai na kwatanta ba. Tsayi yana da shi, amma kafaɗar ta yaro ce, rigar kuwa an yanka ta ne don ƙaton namiji. Ta zubo masa ta ko'ina, hannun ya rufe har farcensa. Na sa alli na zana inda zan rage, yatsa huɗu a kowane hannu, uku a kowane gefe. Na ɗauki almakashi har na ɗora a kan zanen, sai na tuna wanda nake yi wa ɗinkin, na ajiye. Shekarar girmansa ba ta ƙare ba. A can zai ƙarasa ta, inda babu ɗayanmu da zai gani.

Saboda haka ban yanke ko zare ɗaya ba. Na naɗe rarar ta ciki na bi ta da ɗinkin hannu, mai sauƙin warwarewa. Na nuna masa bakin zaren, na sa masa allura biyu a aljihu, na ce duk ranar da ya ji rigar ta matse shi ya warware yatsa ɗaya. Ki gaya wa Inna, ko ba ta so ta ji daga gare ni ba, na bar masa wurin da zai ishe shi har ya cika ashirin ɗin gaskiya. Ita kuma ta roƙa masa Allah ya kai shi.

Ki shafa mini kan yarinya.

Mijinki,
Sumana